Matakin da Kowa ke Tsallakewa

Mai Walda ne ya tsince shi. Ya zo buɗe shago da hantsi, ya tarar da Kunne kwance a gindin matattakalar ƙarfen da ke hawa situdiyo, ƙafa ɗaya a lanƙwashe, jini ya bushe a kan siminti. Da sauran numfashinsa a lokacin. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

Kunne mai haɗa kiɗa ne. Sunan ya bi shi ne saboda ba abin da ke wuce shi bai saurara ba. Ƙarar ƙofa, ɗigar famfo, tarin tsohuwa, duk sai ya ɗauka a na'ura ya mayar da su kiɗa. Yakan rataye makirufo a bakin ƙofar situdiyo da safe ya bar shi yana ɗaukar duk abin da ya samu. Ƙanena Auta shi ke ɗora waƙa a kan kiɗan, irin gambarar zamanin nan da yara ke kira hip-hop. Tare suka tashi, kwano ɗaya, tabarma ɗaya, har rabin ƙuruciyar Auta a gidan su Kunne ya yi ta.

Amma ana gobe abin zai faru, duk layin sun ji su suna sa-in-sa a kan wata waƙa da suka kasa ƙarasawa. Wannan kaɗai ya ishi mutane. 'Yan sanda suka ɗauki Auta, suka juya shi, ba su sami abin kamawa ba, suka sako shi. Unguwa kuwa ba ta sake shi ba.

Sai shashashan ya je ya saki waƙar.

Sunanta "Wa Ke Tafe". Tana farawa ne da takun mutum a kan ƙarfe, a hankali, sai wani ƙara mai ƙarfi, ƙwal, sannan ganga ta shigo. Manaja, mai tallata musu waƙoƙi, ya shiga rediyo ya ce takun marigayi ne na ƙarshe, na'urarsa ta ɗauka ranar da ya rasu. Daga nan waƙa ta kama kamar wutar kara. Motar haya ita, shagon aski ita, wayar kowane yaro ita. Yara kan jeru a bakin titi suna taku a hankali, idan an zo wurin ƙwal ɗin su buga ƙafa gaba ɗaya su kwashe da dariya. Mutumin da zai yi rawa da ita da safe, shi ne zai tofa yawu da yamma ya ce Auta ya kashe abokinsa don ya ci waƙar shi kaɗai. Ni dai ban taɓa tsanar wani sauti a duniya kamar yadda na tsani wannan ba.

*

Ranar da aka jefo dutse ya fasa gilashin tagar Inna, na rufe keken ɗinkina na miƙe. Dama labari ya iso mana cewa abokan Kunne sun rantse, in Auta ya hau dandamali a babban wasan da Manaja ya shirya, ba zai sauko da ƙafarsa ba. Na yi masa magana, na yi kuka, na zage shi. Abin da ya iya ce min kawai shi ne, "Yaya, ki bari."

Na tafi wurin Kawu Mai Sawu. Abokin marigayi babanmu ne, ya yi shekaru yana gadin gandun daji, yana bin sawun masu harbin namun da aka hana. Yanzu ya tsufa, idonsa ya yi hazo, yana zaune a bayan gari yana kiwon zabi. Na zayyana masa komai, bai katse ni ba.

"Ina ya faɗi?"

"Kan siminti, Kawu."

"Daga ina?"

"Daga matattakalar ƙarfe."

"An yi ruwa tun daga lokacin?"

"An sha yi."

Ya girgiza kai. "Siminti, ƙarfe, ruwan sama. Ɗiyata, kin kawo min aikin da ba sawu."

"To in koma in jira gawar ƙanena ke nan?"

Ya dube ni da wannan idon nasa. Sannan ya ce in miƙo masa sandarsa.

*

Situdiyon ɗaki ɗaya ne a saman shagon walda. Matattakalar ta bi jikin bango daga waje, ta ƙare a wani ɗan fili a bakin ƙofa, wanda gefensa ɗaya ba shi da ƙarfen dafawa. Kawu bai kalli inda aka tsinci Kunne ba ko sau ɗaya. Ya sami benci ya zauna yana shafa gwiwa.

Mai Walda ya fito yana ɗingisawa. Wani ƙarfe ya taɓa faɗo masa a ƙafa, tun daga nan yake tafiya a karkace. Gabana ya faɗi, domin na san shi ma sun sha yin rigima da Kunne a kan wutar lantarki.

"Rigima kam mun yi," in ji shi. "In na kunna injina, kwamfutarsa ta mutu, ya sauko yana ta masifa. In ya kunna kiɗansa, kaina ya yi ciwo, in hau ina masifa. Amma yaron nan, Baba, ni na ɗauke shi a hannuna. Har yau ban iya sauraron waƙar nan ba. In an sa ta, injin nake tayarwa."

"Makullin sama na wurinka?"

"Yana nan."

"Taimaka ka buɗe, iska ta shiga."

Mai Walda ya kama hawa. A tsakiyar matattakalar sai ya ɗaga ƙafa ya tsallake mataki ɗaya, ko ƙasa bai duba ba. Kawu ya ɗaga kai.

"Me ya sami wancan?"

"Ya kwance ne. In ka taka shi sai ya buga ƙara kamar an jefar da tukunya."

"Kai kuma ga ka mai walda."

Mai Walda ya yi murmushin da ba na daɗi ba. "Na sha ɗauko kayan aiki, marigayi ya hana ni. Wai ƙararrawarsa ce. 'Yan gida duk sun san shi, suna tsallakewa. In ya ji ƙwal, ya san baƙo ne ke tafe."

Kawu ya miƙe, ya je ya sa sandarsa ya danna matakin. Ƙarar da ya yi na san ta, duk garin ya san ta.

*

Ofishin Manaja na da sanyin na'ura da manyan lasifikoki biyu. Mutum ne mai ƙiba, mai ƙamshin turare, takalminsa na ƙwas-ƙwas. Ya tarbe mu da fara'ar da ta ba ni haushi.

"Surutun mutane ai talla ne, Yaya," ya ce min. "Kowa na son ya ji waƙar wanda ake zargi. Zan zuba masu gadi a wurin wasan, kada ki damu."

"Ƙaninka ne da za ka ce kada in damu?"

Kawu ya taɓa hannuna, na yi shiru.

"Ina kake da safen ranar da abin ya faru?" ya tambaye shi.

"Ina hanya, na je wani gari neman filin wasa. Direbana shaida ne." Ya gyara zama. "Ban ɓoye ba, na so in raba su. Na ce wa Auta ga masu kiɗa a babban birni da suka fi Kunne kayan aiki. Kunne ya ji, ya zage ni tas. Amma a ce na tura shi? Haba, Baba. Matattakalar nan ni tsoronta ma nake ji, kullum sai na riƙe numfashi in zan tsallake ruɓaɓɓen matakin nan."

"Sa min waƙar."

Manaja ya sa. Taku, taku, taku, ƙwal, ganga ta shigo, muryar ƙanena ta biyo: "Wa ke tafe? Na san takunka. Wa ke tafe? Faɗi da bakinka."

"Mayar da ita farko."

Ya mayar. Da ganga ta shigo, Kawu ya sake cewa a mayar. Haka aka yi ta yi har fara'ar Manaja ta ƙare. Kawu ya rufe ido, yana motsa yatsu biyu a kan gwiwarsa, ɗaya ya yi gaba, ɗayan ya biyo ya same shi.

"Wa ya ce maka takun marigayi ne?"

"Ba wanda ya ce. Auta ya ce daga na'urar ya samo, na ranar ne. To na wa zai zama?"

"Yaya marigayi ke hawa?"

Manaja ya yi dariya. "Da gudu. Bibbiyu yake haɗawa, kamar ana korarsa."

Da muka fito na kasa haƙuri. "Kawu, Mai Walda ne ko? Mai takun nan ƙafarsa ba lafiya, ni ma na ji."

"Ƙafarsa ba lafiya," ya ce. "Amma Mai Walda ko cikin barci ba zai taka matakin nan ba. Kai ni in yi wa uban yaron gaisuwa."

*

Baban Kunne tsohon direban babbar mota ne, mutum mai kwarjini, wanda in ya yi gyaran murya yaran layi ke watsewa. Duk unguwa ta san bai taɓa yarda da sana'ar ɗansa ba. Ya taɓa rantsewa a gaban jama'a cewa ƙafarsa ba za ta taka wannan ɗakin kiɗan ba. Mun same shi a falo, tagogi a rufe duk da zafin da ake yi, an cusa tsumma a ƙasan ƙofa. Ya rame ƙwarai. Ya amsa gaisuwar Kawu, ni kuwa ko kallona bai yi ba.

"Ka taɓa ganin wurin aikinsa?" in ji Kawu.

"Ban taɓa ba. Na faɗa tun yana raye, ban kuma canja ba."

"Kana zargin wani?"

"Na bar wa Allah."

"Mutane na cewa Auta ne."

"Mutane na da bakinsu," ya ce.

Wannan amsar ta ƙona min rai. Mutumin nan ya goya Auta a kafaɗarsa, ya saya masa takalmin makaranta. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta kashe wutar nan, amma ya ƙi furta ta.

Maman Kunne ta kira ni ciki. Tana zaune a bakin gado, ta ciro waya daga ƙarƙashin matashi kamar mai ɓoye abin sata.

"Ya hana a sa ta a gidan nan," ta ce a hankali. "Ko daga waje ya jiyo ta, sai ya shige bayi ya saki famfo. Ni kuwa in ya fita sai in kara a kunnena. Farkon kawai nake ji. Ɗana ne yana hawa, kin ji, yana tafiya wurin aikinsa. Ki ce wa Auta ban riƙe shi da komai ba. Ya bar min takun yarona."

Na riƙe hannunta muka yi kuka tare.

Da za mu tafi, Kawu ya ce idonsa ba ya ganin dakalin ƙofa sosai, ko maigidan zai taimaka ya raka shi. Baban Kunne ya riƙe masa hannu suka sauka, sannan ya juya ya koma ciki. Kawu ya tsaya yana gyara takalmi, kansa a sunkuye, har aka rufe ƙofar.

*

Auta na ɗakinsa, labule a sake, waya a kashe. Waƙarsa ta cika gari, shi kuwa ko ƙofar gida ba ya iya leƙawa. Kawu ya zauna a bakin katifa.

"Ɗana, na ji waƙarka. Ban san kan kiɗa ba, amma na san tafiya. Mutumin nan yana hawa, ya taka matakin da ya kwance, sai ganga ta rufe shi. Daga matakin nan zuwa ƙofa da sauran tafiya. Ina sauran?"

"Iya abin da ke ciki ke nan."

"Na yi shekaru a daji. In sawu ya ɓace a kan dutse, wannan dutse ne. In ya ɓace a tsakiyar rairayi, wani ne ya share."

Auta ya kafa ido a bango.

"Ka ce ka san takunsa. Ka ce ya faɗa da bakinsa. Mutane na ɗauka da abokan hamayya kake. Da wa kake?"

"Waƙa ce kawai, Kawu."

Nan na fashe. "Waƙa ce kawai? An fasa tagar Inna, tsohuwa ba ta barci, ana wasa wuƙa da sunanka, kai kana nan kana rufa wa wani asiri? Wane ne shi? Ya fi uwarka ne?"

Ya dube ni, idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Yaya, ba zan iya ba. Wallahi ba zan iya ba."

Kawu ya dafa sanda ya miƙe. "Ba sai ka iya ba. Gobe da hantsi ka zo situdiyo, ka zo da abin da ka yanke. Ba zan sa ka buɗe baki ba."

*

Washegari Kawu ya aika aka kira kowa, ya ce za a buɗe ɗakin a miƙa wa uban marigayi kayan ɗansa. Labari ya bazu, layin ya cika, har da abokan Kunne da suka tsaya gefe guda sun harɗe hannu. Wani ɗan sanda da Kawu ya sani tun zamanin gandun daji ya zo cikin kayan gida ya jingina da bango.

Ni na fara hawa da Kawu, na nuna masa matakin ya tsallake. Ya sa na ajiye masa kujera a bakin ƙofa, inda ake ganin matattakalar tun daga ƙasa. Ya ce su hau ɗaya bayan ɗaya, wai ƙarfen ya tsufa.

Mai Walda ya hau a karkace, ya tsallake. Manaja ya hau yana haki, ya tsallake. Auta ya hau kansa a ƙasa, jama'a na gunaguni a bayansa, ya tsallake. Saura Baban Kunne.

"A sauko min da kayan," ya ce daga ƙasa. "Na yi rantsuwa."

"Wanda ka yi rantsuwar dominsa ya tafi," in ji Kawu. "Kayan ɗanka ne. Ba wanda ya isa ya taɓa su kafin kai."

Idon jama'a duk ya koma kansa. Ya kama ƙarfen dafawa. Ya sa ƙafar dama a mataki, ya jawo ta hagu ta same ta. Dama, hagu ta biyo. Dama, hagu ta biyo. A ƙasa mai shimfiɗa ba ka cika gane gwiwarsa ta taɓa karyewa ba, amma matattakala ba ta rufa masa asiri ba. Layin ya yi tsit. Na ga wata mata ta kai hannu baki, domin duk wanda ke wurin ya yi wata da watanni yana jin wannan takun, wasu ma sun yi rawa da shi.

Ni ina jiran ƙwal ɗin. Da ya iso matakin, sai ya tsaya. Ya ƙanƙame ƙarfen da hannu biyu, ya ɗaga ƙafarsa mai ciwon da ƙyar, ya tsallake.

Ba a ji ƙarar komai ba, kuma shirun ya fi ƙarar muni.

Da ya ƙaraso, Kawu ya tashi ya ba shi kujerar. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, ba don mutanen layi ba.

"Ɗan'uwa, ka ce ba ka taɓa hawa nan ba. Wa ya gaya maka matakin nan ya kwance?"

Baban Kunne ya waiwaya ya dubi matakin.

"Ba wanda ya gaya maka. Ya taɓa firgita ka sau ɗaya, ƙafarka ta riƙe. Baƙo kaɗai ke taka shi, kuma baƙo ne ya hau da safen ranar da ɗanka ya faɗi. Yau kai ba baƙo ba ne."

Tsohon ya dubi Auta. Tun da aka yi rasuwar, ranar ce ya fara dubansa.

"Ka sani?"

"Na sani, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka sako ni na kunna na'urar."

"Me ya hana ka kai musu?"

Auta ya ce, "In kai ka da hannuna? Mama ta rasa ɗa, sannan in sa ta rasa miji? A gidanka na koyi cin abinci da hannuna. Na ce in ka ji kanka a ko'ina, za ka faɗa da kanka. Kullum ina jiranka, Baba. Har da aka jefi tagar Inna ina jiranka."

Na so in shaƙe yaron nan, na kuma so in rungume shi, na rasa wanda zan yi.

"Akwai saura?" in ji tsohon.

"Akwai."

"Sa min."

Auta ya shiga ya kunna kwamfutar. Lasifikokin Kunne suka ɗauka, har ƙasa ana ji. Taku, taku, ƙwal. Babu ganga. Shiru na ɗan lokaci, mutum yana mayar da numfashi. Takun ya ci gaba. Sai ƙarar ƙofa, sai muryar Kunne, tas kamar yana tsaye a cikinmu, cike da murna irin ta ƙaramin yaro:

"Baba? Kai ne? Shigo ka ji, shigo ka ji abin da na..."

Nan Kunne ya kashe na'urar da hannunsa, nan ɗaukar ta ƙare.

Baban Kunne ya sunkuyar da kai. Da ya yi magana, a hankali ya yi ta, kamar mai karanto abin da ya daɗe yana maimaitawa.

"Na samo masa aiki ne a kamfanin motoci. Na zo in ce ya rufe wannan shirmen ya biyo ni. Ban bar shi ya ƙarasa magana ba, na hau shi da faɗa. Shi kuwa dariya yake, yana cewa in ji ko kaɗan ne. Ya fito nan, ya kama hannuna da hannu biyu yana ja na ciki. Na tuna rantsuwata. Na fizge." Ya dubi gefen da ba ƙarfen dafawa. "Da ƙarfi na fizge."

Sannan ya ci gaba.

"Na sauka na same shi. Na kira sunansa, bai amsa ba. Na ɗauka ya tafi. Na duba layi, ba kowa. Sai na ga ƙafata tana tafiya gida. Daga baya aka ce min da sauran ransa lokacin da Mai Walda ya zo." Ya share fuska da tafin hannu. "Da na tsaya na yi ihu, wataƙila da yana nan. Kullum ina jin kaina ina hawa, a kasuwa, a mota, a bakin yara. Kullum sai in ce yau in na kai sama zan shiga."

Ya miƙe da kansa. Ya tsaya a bakin ƙofar, ya leƙa ɗakin, ya dubi kwamfutar da katifun da aka manna a bango da kujerar ɗansa. Bai shiga ba. Ya juya ya sauka, ya wuce ta tsakiyar jama'a, ya je ya tsaya a gaban ɗan sandan. Abokan Kunne suka buɗe masa hanya, ba wanda ya iya ɗaga ido ya dubi Auta.

*

Auta bai hau dandamalin ba. Manaja ya yi fushi, ya yi lallashi, ya gaji ya bari. Waƙar kuwa ba mai iya dawo da ita. Har yanzu ana sa ta, wasu ma sun ce yanzu ta fi daɗi, Allah ya shirye su. Yara na nan suna buga ƙafa a wurin ƙwal ɗin. Mai Walda ya ɗauko injinsa ya liƙe matakin, ya sa ƙarfe a gefen da babu, yana yi yana share hawaye da hannun riga. Na raka Kawu har gida. Da na yi masa godiya, cewa ya yi da ma sawun ya kai shi wani wurin.

Ƙanena na raye, abin da na nema ke nan, na kuma samu. Amma ban yi farin cikin da na zata zan yi ba.

Bayan an kwana biyu, da rana ina ɗinki a tsakar gida, sai ga Maman Kunne ta yi sallama. Inna ta rasa inda za ta sa kanta. Auta ya fito ya durƙusa a gabanta. Ba ta yi kuka ba. Ta kwance bakin zanenta, ta ciro wayar, ta miƙa masa.

"Cire min waƙar nan."

Ya cire.

"An ce akwai inda ya yi magana a ƙarshe."

"Akwai, Mama."

"Sa min shi." Ta riƙe hannunsa kafin ya tashi. "Ban da takun. Muryar kawai."